Gammayen 'Yan Dakon Magama

Ɗazu ina jin ku, kun haɗa kawuna a kan waya kuna dariya, wai an nuno wani baje koli a birni, an rataye tsofaffin jarkoki a ɗaki an ce fasaha ce. Har wani daga cikinku yana cewa in dai wannan ne aiki, shi ma gobe ya zama gwani. Ban tanka ba saboda fenti na bushe mani a buroshi. Yanzu na wanke hannu, ku jawo bencin nan cikin inuwa. Ni da kuke gani na taɓa rataye abin da bai kai jarka daraja a kasuwa ba, kuma tun da na fara riƙe buroshi ban yi aikin da ya gwada ni kamarshi ba. Sai dai zan faro maku daga farko.

Aikin farko da maigidana ya yarda na taɓa, ƙyauren baya ne na wata roka mai bodin katako. Baba Sanda ake ce ma maigidan nawa, mutumin Maraɗi ne da ya zauna nan bakin tashar Jibiya yana yi wa manyan motoci zane da rubutu. Kafin ranar na yi shekara guda cur ba abin da nake yi sai wankin buroshi da kananzir, da gugar katako, da riƙe mashi bakin igiya in zai buga layi da garin alli. Ran nan ya ce in rubuta sunan mai motar da garinsu. Na kwantar da ƙyauren a ƙasa, na durƙusa a kanshi tun hantsi har la'asar, na ƙawata kowane harafi da inuwa da 'yan furanni. Da aka ɗaura shi a jikin mota Baba Sanda ya taso. Ya kama hannuna muka yi ta ja da baya har muka tsallaka titi, sannan ya ce in karanta. Na kasa. Adon ya cinye rubutun, daga nesa sai ka ce miya aka watsa. Ya ce, "Ilu, wanda zai karanta wanga abu yana bayan mota ne, a guje. Kai kuwa mai durƙuso ka rubuta mawa." Ni na kankare shi da hannuna, na sake.

Buroshin da nake jan siririn layi da shi har yau ba na kanti ba ne. Gashin gadon bayan akuya ake yankowa, a jera shi, a ɗaure da zare, a cusa a bututun biro. Waccan sandar mai ƙullin tsumma a kai, ita ake jinginawa jikin mota a ɗora hannu don kada ya yi rawa. Fenti kuwa sai ka san halin kowane. Ja shi ke fara koɗewa a rana, shuɗi ya fi su jimiri, ruwan ɗorawa sai an yi mashi shimfiɗar fari, in ba haka ba katako ya shanye shi ka yi aikin banza.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, daga tsallaken boda ya taɓa kawo mani takarda da rubutun Faransanci, ya ce in sa mashi a goshin mota. Ni ban iya Faransanci ba, abin da na gani nake kwafa. Akwai wani ɗan ɗigo a kan wani harafi, na ce ai su haka suke yi wa haruffansu hula, na zana shi ƙato da jan fenti. Bayan sati biyu ya dawo ya ce, "Malam Ilu, tun daga Ɗan Isa har Maraɗi jandarmomi dariya suke mani. Kashin ƙuda ne ka rubuta." Tun daga ranar ba na kwafar abin da ban tambayi ma'anarshi ba.

Haka na yi ta yi har Baba Sanda ya rasu na gaji wurin. Da injinan buga hoto a leda suka shigo, masu shaguna suka koma can, amma direbobi ba su bar ni ba. Muddin mota na tsallaka boda ina da na cefane.

Sai shekarar da aka rufe bodar. Wasunku sun tuna. Motoci suka yi layi a filin Magama na bakin boda har albasa ta ruɓe a cikinsu, daga baya masu su suka janye su ɗaya bayan ɗaya, filin ya zama fayau. Ba wanda zai yi wa motar da ke ajiye ado. Na yi wata uku abin da na rubuta bai wuce lambar gida biyu da allon wata Islamiyya ba. Gwangwanayen fenti suka yi fata. Na fara zuwa Bugaje ina taya wana gyaran gona. Amma duk da haka na fi 'yan dako sauƙi, masu sauke kaya da lodi a filin nan. Su ba su da gona, yawancinsu ma daga tsallake suka zo. Kullum za ka gan su zaune a ƙarƙashin iccen bedi, kowa da gammonshi a gefe, suna kallon titi.

Ana gab da faɗuwar damina wani dattijo da na sani a Bugaje ya shigo shagon nan da wata matashiya. Ya ce ɗiya ce ga ƙanwarshi da ke aure a Maraɗi, sunanta Ramatu, ta yi karatun zane a jami'a. Ta rusuna ta gaishe ni, ta buɗe wani littafi.

Ta ce, "Baba, ba zane na zo ka yi mani ba. Gammo nake so ka rataye mani."

Na ce, "Gammon mi?"

Ta ce na 'yan dakon Magama, duk wanda ya yarda ya ba da aro. Tana so a kafa ƙarafa a filin da motoci ke tsayawa, a ja wayoyi, a rataye kowane gammo daidai tsayin kan mai shi, a rubuta sunanshi a ƙasa inda ƙafarshi za ta taka. Mutane su shigo su zagaya a tsakaninsu.

Na ce, "Ɗiyata, wannan ai aikin kafinta ne ko mai walda."

Ta ce ta je wurin kafintoci biyu, dariya suka yi mata. "Kai aka ce mani kana ja da baya ka duba aiki kafin ka ce ka gama."

Gaskiya ban gane amfanin abin ba. Na tambaye ta wa zai saya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Muka hau mashin muka je filin, ta tambaye ni mutum nawa ke aiki a nan a da. Na ce ba su ƙirguwa. Ta ce, "To yanzu duk wanda ya wuce cewa yake motoci sun tafi. Ban ji mai maganar mutanen ba." Na karɓi aikin, rabi don maganarta, rabi don ba ni da wani.

Ƙarfe da waya ba su ba ni wahala ba kamar samun gammayen. Muka je wurin sarkin 'yan dako, Malam Habu, wani gajeren dattijo mai kaurin wuya, asalinshi mutumin Maraɗi. Ya saurari Ramatu har ta gama, sannan ya juyo wurina kamar ba ta wurin.

Ya ce, "Malam Ilu, gammo ya sha zufar mutum shekara da shekaru. In ya faɗa hannun mugu ka san abin da ake yi da irinshi. Wagga yarinya ba mu san ta ba."

Na ce ni zan karɓa da hannuna, ni kuma zan mayar wa kowa nashi, shi ɗin dai, ba makamancinshi ba.

Ya ce, "To kai muka sani. In guda ya ɓace shagonka za mu zo."

Mai unguwa ya ba da fili bayan liman ya tambaya ko akwai siffar mai rai aka ce babu. Wani ma'aikaci a bakin shingen boda ya so ya ji ko zanga-zanga ce, da ya ga tsummoki sai ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwa.

Ranar awo na fito da tef, mutane suka watse. Malam Habu ya ce a garin nan ba a auna tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa sai za a haƙa mashi kabari. Na ce ai tela ma yana auna ku. Ya ce tela daga kafaɗa yake farawa. Na kwana biyu ina juya abin. Daga baya na samu dogon katako na kafa shi a tsaye, na yi mashi wani ɗan allo mai hawa da sauka. Mutum zai aza gammonshi a ka ya tsaya, in sauko da allon a hankali har ya zauna a kan gammon kamar buhu, in ja layi a jikin katakon in rubuta suna. Na ce masu ba ku nake aunawa ba, inda kaya ke zama nake aunawa. Malam Habu ya fara tsayawa, sauran suka biyo. Muka tara ɗari da 'yan kai. Wani tsohon tawul ne, wani guntun rawani, wani yagaggen buhu da ya yi baƙi ƙirin ya daskare kamar fata.

Ana cikin haka wata mata ta zo shagon nan da ƙafa daga Kusa, sunanta Hanne. Ta tsaya daga waje har na fito, ta miƙo mani leda. Ta ce mijinta Sale ɗan dako ne a Magama. Da aiki ya tsaya ya bi hanyar daji da kayan wani, zazzaɓi ya kama shi a can, gawarshi aka kawo mata. Ba ta daɗe da fita takaba ba.

Ta ce, "Na ji an ce ana rataye na abokanshi. Kada a yi babu shi."

Na kai ta filin. Matsalar ita ce ba wanda za a auna. Abokanshi suka shiga gardama, wannan ya ce tsayinsu ɗaya da wane, wancan ya ce a'a ya ɗara shi. Hanne tana jinsu. Can ta matso jikin katakon, ta ɗaga hannun dama sama da kanta, ta ɗan sauko da shi kaɗan, ta tsayar. Ta ce, "Nan." Na sauko da allon har ya taɓa bayan hannunta, na ja layi. Ba wanda ya ƙara gardama.

Yanzu ku ji yadda ake rataye tsumma. In ka ɗaure gammo da zare ɗaya, zai karkace ya yi lilo kamar awarwaro, ba zai yi kama da abin da ke kan mutum ba. Sai na yi wa kowane zobe na siririyar waya ya zauna a kai, tunda na yi alkawari ba zan ɗinke ko in huda na kowa ba. Zare uku ke tashi daga zoben su haɗu a ƙulli ɗaya. Zaren kuwa wurin masuntan dam na samo shi, irin farin nan da ba a gani daga nesa. Ginshiƙan bututun ƙarfe ne, na sa aka haƙa masu rami har gwiwa da rabi aka zuba siminti, don na san iskar farkon damina a filin nan. Sunaye na rubuta su a gutattsarin kwano na kafe a ƙasa. Waɗanda ba su so a sa sunansu ba, kowa ya zaɓi alama, wani tauraro, wani ƙahon sa.

A nan na yi kuskuren da ko sabon shiga bai kamata ya yi ba. Na daidaita wayoyin sama da tiyo mai ruwa, suka miƙe sak. Sai na zauna a shago na yanka zarurruka duka, ina cire tsayin kowane mutum daga tsayin waya. Na manta filin ya gangara wajen kwalbati. Saura kwana biyu a buɗe Malam Habu ya zo, ya nemi sunanshi ya tsaya a kai. Gammon na reto sama da kanshi da fiye da taƙi guda.

Ya ɗaga ido ya ce, "Malam Ilu, wanga ba ni ba ne."

Na ja Ramatu gefe na ce mata masu kallo ba za su gane ba. Ni na faɗi haka da bakina, bayan duk abin da Baba Sanda ya koya mani. Ta ce, "Baba, ai shi ya gane." Na ɗauko almakashi. Muka yanke su duka, muka sake daga ƙasa. Kwana biyu a rana, kuma da mu kaɗai ne da ba mu gama ba. Malam Habu ya aika aka kira mutanenshi, kowa ya zo ya tsaya a kan sunanshi ina bisa tsani ina ɗaurewa. Wani ya ce a ɗan sassauta, ya danne shi, wani ya ce a matsar da shi kusa da abokinshi don tare suke ɗaukar kaya. Kafin mu gama sun daina cewa aikin yarinyar nan, sun koma cewa namu. Na Sale kaɗai na ɗaure da katakon awo.

Ranar buɗewa na tsallaka titi na duba, kamar yadda na saba. Ba a ganin zare. Gammaye ne kawai tsaye a iska, wani sama wani ƙasa, in iska ta kaɗa su ɗan juya kamar mutane na waige. Jama'a suka zo, har daga Katsina da wasu da suka zagayo daga tsallake. Da farko dariya ake yi. Amma na lura duk wanda ya shiga tsakiya muryarshi na raguwa. Wani Alhaji mai motoci ya yi ta bin sunaye yana karantawa, ya tsaya a kan guda ya ce wannan ya yi shekara goma yana sauke mashi kaya, sai yau ya san sunan mahaifinshi. Kwana na uku aka yi ruwa da iska. Ginshiƙai ba su motsa ba, sai dai gammayen sun jiƙe sun yi nauyi, wayoyi suka sunkuyo. Da rana ta fito na bi su ɗaya ɗaya na ƙara ɗaurewa.

Sati biyu muka ce za a yi. Ana saura kwana kaɗan wani mutum ya zo daga Legas, yana da ɗakin baje kolin irin waɗannan ayyuka, ya ga hotunan a waya. Ya ce yana son a kai aikin gaba ɗaya can a kafa. Ga Ramatu wannan ita ce ƙofar da masu sana'arta ke shekaru suna jira. Ta same ni a shago da rana tsaka.

Ta ce, "Baba, in aka saya wa kowa sabon yadi fa? Ai sabon ya fi masu amfani."

Na ce, "Ɗiyata, shi ɗin dai na ce masu. Ke in kin tafi kin tafi, ni nan zan ci gaba da zama."

Ba ta yi fushi ba, amma na ga abin ya yi mata nauyi. Can ta ce, "To mu tambaye su. Wanda ya ce a'a, a'a ɗin ce."

Ranar da wa'adin ya cika aka taru a ƙarƙashin bedi. Da yawa suka ce sati biyu aka ce, sati biyu ya cika, a ba su abinsu, kuma a take na kwance na ba su. Wani ya ce shi bai taɓa wuce Funtuwa ba, bari gammonshi ya je ya gano mashi teku. Waɗanda suka yarda ba su kai rabi ba. Mutumin Legas ya ɓata rai, ya ce aikin ya ragu, ya tafi abinshi. Sai bayan kwana huɗu ya bugo ya ce a kawo hakanan. Malam Habu ya ba da nashi. Hanne kuwa da na aika mata, cewa ta yi, "In Malam Ilu zai kai da kanshi ya dawo da shi da kanshi, na yarda." Abin da ya kai ni Legas ke nan, ina da furfura.

Ɗakin farin bango ne, ƙasa shimfiɗe sumul, sanyi kamar cikin randa. Aikin da ya ci mani sati uku a Magama, a kwana uku na gama shi. Akwai ayyukan wasu a sauran ɗakunan. Wani ya tara silifas ɗin da ruwa ya kawo gaɓa ya yi bango da su, wata kuma ɗaki ne ba komi sai muryoyin mata 'yan kasuwa na fitowa daga kusurwa. Ban ce na fahimce su duka ba. Amma na zagaya bayan bangon silifas ɗin na ga yadda aka ɗaure shi, na san wani ya yi zufa a wurin, kuma ya san aikinshi. Shi ya sa in kun ga hoton jarka a waya, ku fara tambayar wa ya ba da jarkar, da mi aka ce mashi kafin ya bayar.

Rigima ɗaya muka yi da su. Da aka rufe ƙofa, warin zufa ya cika ɗakin. Mai kula da wurin ta ce a sauke su a wanke, ko a fesa turare, manyan baƙi za su zo. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofa na ce ba mai taɓawa, yadda aka ba ni haka zan mayar. Ramatu ta yi masu Turanci mai tsawo, daga baya ta ce mani ta gaya masu warin yana cikin aikin. Suka kuma so a ja layi a ƙasa kada kowa ya shiga, ta ce in ba za a shiga ba a kwance mata kayanta. Suka bari.

A can na ga abin da ban gani ba a Magama. Baƙin da ke shiga, maza da mata, yawancinsu sai sun sunkuyo suke kallon gammayen, wasu a kafaɗa suke taɓa su. Na yi shekaru ina gaisawa da mutanen nan kullum, ban taɓa lura kusan dukansu gajeru ba ne. Da na dawo na faɗa wa Malam Habu. Ya ce shi ma da ya fi haka tsawo, buhu ne ya mayar da shi.

Da aka gama na kwance su da hannuna, kowane a ledarshi da sunanshi, na saka a jaka guda. A mota ban yarda an sa ta a but ba, a cinyata ta zo har Katsina. Na yi kwana uku ina rabo, don wasu sun koma ƙauyuka noma. Malam Habu ya juya nashi, ya sansana, ya gyaɗa kai ya cusa a aljihu. Ramatu yanzu tana can ana kiranta ƙasashe, takan bugo mu gaisa. Na sake kafa mata aiki sau biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, amma wannan wani labari ne.

Na Sale na bari ƙarshe. Na hau mashin da safe na tafi Kusa, ranar kasuwar Jibiya ce. Na yi sallama a ƙofar gida, Hanne ta fito da shirin tafiya, ga ƙaton kwano cike da gyaɗa a ƙasa. Muka gaisa, na miƙa mata ledar. Na zaci za ta shiga da shi ɗaki ta adana. Sai ta tsaya nan ta warware shi a hankali. Ashe zane ne, ya koɗe har ba a gane launinshi sai a cikin ninki, inda rana ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Nawa ne. Ranar da zai fara dako ya ɗauka a kan igiya, bai ko tambaye ni ba."

Ta kakkaɓe shi, ta sake naɗe shi ƙarami daidai kanta, ta aza. Ta tambaye ni ko mutanen can sun ga sunanshi. Na ce sun gani, da hannuna na rubuta, kuma na ga masu tsayawa suna karantawa.

Ta ce, "To madalla. Malam, taya ni aza kayan nan, kada rana ta yi mani."

Na kama gefe ɗaya ta kama ɗaya, muka ɗora kwanon. Ta gyara mashi zama, ta kama hanyar kasuwa.